Daga Salka Zuwa Kwalba: Tarihin Maganin Ƙishirwa a Tawa da Arewacin Adar

A ranar 14 ga watan Yuni na 1898 Faransa da Ingila suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Paris, wadda ta raba musu ƙasashen da ke tsakanin kogin Isa da tabkin Cadi. Masu zanen taswira suka ɗauki Sakkwato a matsayin cibiya, suka ja baka mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne, abin da ke waje na Faransa. A kan takarda rabon ya yi kyau. Da aka sauko ƙasa, sai sojojin Faransa masu son zuwa Damagaram daga bakin kogi suka tarar dole su kewaya ta arewa, ta Filinge da Tawa, a kan hanyar da rijiyoyinta ke nesa da juna, wasunsu ma kan ƙafe da bazara. Ƙishirwa ta galabaitar da ayarinsu har gwamnatinsu ta nemi a sake zama. A 1904 da 1906 aka gyara iyakar, aka tura ta kudu, Ƙonni da Maraɗi suka faɗo a hannun Faransa. Ƙishirwar da ta sa manyan daulolin Turai biyu suka goge layin da suka ja, ita ce Ba'adare ke kwana da ita yana tashi da ita tun kaka da kakanni, don haka tarihin abin da yake sha ya cancanci a zauna a kansa.

Adar ƙasa ce ta duwatsu da fako, wadda kwaruruwa suka tsattsage, irin su Majiya da kwarin Keita da na Badagishiri. Ruwan saman da Tawa ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kuma kusan dukkansa cikin wata uku yake sauka. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40 kusan kullum. Kafin zuwan ƙanƙara, mutanen wannan ƙasa da iska suke sanyaya ruwa. Randar da aka girke a kan jiƙaƙƙen rairayi a inuwa tana tsattsafo da ruwa ta ƙananan ƙofofin yumɓu. Iska na busar da wannan gumi, tana tafiya da zafin abin da ke ciki. Salkar Buzu, fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, haka take aiki, shi ya sa direbobin manyan motocin Agadas suka ci gaba da rataye ta a jikin mota. Busasshiyar iskar da ke kawo ƙishirwar ita ce kuma ke sa dabarar ta ci. Wannan tsohon sani ne wani malamin makaranta na jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya gyara, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don adana kayan lambu, har ya samu kyautar Rolex a shekara ta 2000.

Amma ruwa zalla bai taɓa zama cikakken abin tarbar baƙo ba. A Adar, inda ake cewa hura, da ita ake karyawa, da ita ake wuni a gona, kuma ruwanta na sama, farau-farau, shi ake miƙa wa wanda ya shigo daga rana tun kafin a tambaye shi labarin gida. Al'adar ta daɗe ƙwarai. A 1353, a kan hanyarsa daga Tumbutu zuwa Gawo, kafin ya bi ta Takadda a yammacin Abzin, matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya ba da labarin wani abin sha da aka kawo masa mai suna daƙnu, wato ruwa da dakakken gero da ɗan zuma ko nono, ya kuma ce mutanen wurin shi suke sha a maimakon ruwa, don suna ganin ruwa tsura yana cutar da su. Sunan ya yi kama da donu, wanda Zabarmawa ke kiran fura da shi har gobe. Abzinawan Azawak kuwa, na wajen Abalak da Cintabaradan, suna da tasu, eghajira, wadda ake daka gero da dabino da cuku a dama da ruwa. Abin sha ne na mai doguwar tafiya, yana kashe ƙishi yana kuma riƙe ciki.

Ƴaƴan itace kuwa, daji ne ke bayarwa. Goriba ana fasa ɓawonta a jiƙa, ruwan ya fito ja-ja mai ɗan zaƙi. Misirawa ma na shan ta da azumi, an kuma tarar da ƴaƴanta a kaburburan Fir'aunoni. Magarya da aduwa yara ke tsotsa, manya su jiƙa. Garin ƴaƴan kuka ana dama shi a ƙara wa nono auki idan rani ya tsananta, shanu sun ƙafe. Duk da haka babu wadda ta kai tsamiya daraja. Larabawa sun sa mata suna tamar hindi, wato dabinon Indiya, daga nan Turawa suka samo tamarin, alhali itaciyar ƴar asalin Afirka ce. Tana son kwari da gindin suri, tana jinkirin girma, tana kuma daɗewa a duniya. Ƴaƴanta idan aka ɓare aka dunƙule sukan shekara ba su lalace ba, saboda haka suka dace da jakar fatake. Can arewacin Tawa itaciyar ta yi ƙaranci, sai dai a sayo curinta a kasuwar Lahadi daga hannun masu kawowa daga kudu. Akwai kuma abin da ya daɗe yana kare ta daga gatari: jama'a sun ɗauke ta mazaunin iskoki, ba kowa ke da ƙarfin halin sare ta ba. Duk abin da mutum zai ce game da wannan imani, ya yi wa itatuwa da yawa aikin da ma'aikacin gandun daji bai iya yi ba, kuma da tsoron ya ragu, ga fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984, kwaruruwa sun yi asarar manyan inuwoyi.

Yakuwa ita ce ta biyu, kuma shukar mata ce. A gefen gonar gero ake yafa ta. Ganyenta na shiga miya, ƴaƴanta ana dafawa a rufe su ruɓa su zama daudawar batso, jan kwanson da ke lulluɓe da ƴaƴan kuma shi ake shanyawa a jiƙa. Ruwan nan ja sunansa zoɓo ko zoɓorodo a Kano, karkade a Masar da Sudan, bisap a Senegal, kuma wannan suna na Wolof ne ya bi Faransanci ya shigo biranen Nijar. Yau buhunan busasshen zoɓo na fita daga kasuwannin Jigawa da Kano zuwa Meziko, inda ake shan sa da sunan ruwan Jamaika.

Idan aka duba dukan waɗannan abubuwan sha, za a ga suna da tsami, suna da zaƙi, wasu da yajin citta da kanumfari da masoro, amma babu mai kumfa a cikinsu. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma a da ba ya kumfa banza. Abin sha mai zaƙi idan ya kwana cikin zafi, ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan cinye sukarinsa, su fitar da abu biyu tare: iskar kabon, wadda ke tasowa ƙwaya-ƙwaya, da sinadarin da ke sa maye. Ke nan a idon mutanen da, kumfa shaida ce cewa jiƙo ya fara juyawa. Aznan Adar, masu riƙe da al'adun gargajiya, sun san wannan hanya, da ita suke yin giyar gero ta bukukuwansu. Malamai ma sun san ta, ta fuskar hani. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da duk ɗalibin zaure a ƙasar Hausa ke bi ta kansa, ta kawo hani ga haɗa iri biyu a jiƙo guda, kamar dabino da zabibi, da kuma hani ga yin jiƙo a cikin duma ko tulun da aka shafe da kwalta. Masu sharhi sun bayyana dalili: a irin waɗannan yanayi jiƙo na saurin juyawa, mai shi bai ankara ba. A cikin Sahihu Muslim kuma an ruwaito cewa jiƙon da ake yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya wuce kwana uku. A ƙasar da ƙwarya ke kowane gida wannan hukunci bai hana sha da ita ba, tunda maganar a kan barin jiƙo ya daɗe take. Abin da ya haifar shi ne ɗabi'ar jiƙa na yau a shanye yau, kuma a Adar, inda zafi ke juya abu cikin wuni guda, uwar gida kan gane da hanci kafin a kai ga tambayar malami.

Wani abin lura shi ne, kayan yin kumfa marar maye suna nan a madafin Bahaushiya tun fil azal. Kanwa, wadda ake haƙowa a Mangari da Dallol Boso, dangin gishirin soda ce. Tsamiya kuwa cike take da irin tsamin da ke cikin inabi. Idan suka haɗu a ruwa, nan take iskar kabon ke tashi, kuma duk wadda ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami ta ga tukunya ta yi fuu. A Ingila ta ƙarni na 19 an riƙa sayar da garin soda da na tsamin inabi a zuba a ruwa a sha yana tafasa, a Faransa ma ƴan ƙunshin Lithinés du Docteur Gustin sun yi tashe a farkon rabin ƙarni na 20. Hausawa sun ajiye kunun kanwa daban, kunun tsamiya daban. Ba rashin dabara ya jawo haka ba: kanwa na kashe tsamin da ake nema, tana dusashe jan zoɓo ya koma baƙi-baƙi, ruwan randa kuma bai kai sanyin da zai riƙe iskar ba, sai ta gudu kafin a kai ƙwarya baki.

Raba kumfa da maye ya faru ne a nesa, kuma a wurin da ba a zata ba. A 1767, a garin Lidis na Ingila, wani malamin coci mai son binciken iska, Joseph Priestley, da ke zaune kusa da gidan yin giya, ya gano cewa ruwan da aka riƙe a saman randunan da ke tsima yana shan iskar da ke tashi daga cikinsu, ya yi ɗanɗano mai ɗan cizo, ba tare da maye ya shige shi ba. A 1772 ya buga bayanin yadda ake yi. A 1783 Jacob Schweppe ya mayar da abin sana'a a Janeba. Sauran tarihin na kwalba ne da marfi: Coca-Cola ta fito a Atlanta ta Amurka a 1886, a 1892 William Painter ya ƙago marfin ƙarfe mai haƙora wanda ke tsare iskar a ciki, Fanta kuma an haife ta a Jamus a 1940, lokacin da yaƙi ya hana shigo da kayan haɗin Coca-Cola.

Faransawa sun kafa sansani a Tawa a farkon ƙarni na 20, amma kwalba ta daɗe tana tsakanin gidan kumandan da kantunan kamfanonin Turawa. Abin da ya riga ta shiga gidan talaka shi ne sukari. Shayi ya gangaro daga Maroko ta hamada, Abzinawa da Larabawan Azawak suka karɓe shi hannu biyu, da shi kuma sukari ya samu gindin zama, na dunƙule da ake fasawa da gindin kofi, daga baya na ƙwaya a kwali. Kafin haka zaƙi na zuma ne da dabino da takanɗa, kuma ba na kullum ba ne. Sai da harshe ya saba da sukari tukuna kwalba ta samu kasuwa.

Ta hanya biyu ta iso Adar. Daga kudu, kamfanin Nigerian Bottling Company, wanda iyalin Leventis suka kafa a 1951, ya fara cika kwalaben Coca-Cola a Ikko a 1953, sannu a hankali kayan Nijeriya suka riƙa tsallako Illela ta Sakkwato zuwa Ƙonni. Daga yamma, an kafa Braniger a Yamai a 1967, masana'antar da ke yin giya da lemun kwalba a gida ɗaya, kamar dai abin bai manta inda aka haife shi ba. Youki na cikin sunayen da yaran wancan zamani suka haddace. Hanyar kwalta ta yuraniyom, daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970, ta kai akwatunan kwalba har Tabalak da Abalak. Ƴan cin rani su ma sun taka rawa. Adarawa sun yi suna wajen tafiya neman kuɗi, Abijan, Kumasi, Ikko, Kano, Libiya, wasunsu ma ga-ruwa suka yi ko sayar da shayi a can. Wanda ya dawo da abin hannunsa yakan so a gani, kuma akwatin lemu a wurin suna ko ɗaurin aure ya zama hanyar nunawa. Daga nan ma'aunin karamci ya fara sauyawa: baƙon da a da ake girmamawa da ƙwaryar hura mai kauri, sai ya zamana ana aika yaro da gudu ya sayo masa kwalba, hura kuma a ba da haƙuri a kanta.

Sunayen ma suna da labari. Lemu daga Larabci ya zo, laimun, sunan ɗan itace. Hausa ta raba shi, na tsami da na zaƙi, sannan ta ƙara na kwalba, har aka wayi gari ana kiran duk wani ruwa mai launi lemu, ko da bai taɓa haɗa hanya da itace ba. Faransancin Nijar ya fi faɗin gaskiya, domin sucrerie yake cewa, wato kayan sukari. Kalmomin sirop da sorbet kuwa, waɗanda ɗalibi ke ɗauka na Faransa ne tsantsa, tushensu na Larabci ne, daga fi'ilin sha, dangin sharab. Darasi guda a kan waɗannan kalmomi huɗu zai koya wa aji tarihin fatauci fiye da shafuka da dama.

Ƙanƙara ce ta mayar wa tsamiya da yakuwa martabarsu. An kafa kamfanin lantarki na ƙasa, NIGELEC, a 1968, kuma yayin da wuta ke shiga unguwannin Tawa, firji ya bi ta. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin CFA da rabi. Kayan waje suka yi tsada, albashi bai motsa ba, iyalai da yawa suka dogara da ƙaramar sana'ar matan gida. Mace mai firji ta tafasa zoɓo da citta, ko ta jiƙa tsamiya, ta tace, ta sa sukari, ta ƙulla a ƙananan leda, ta daskarar, yarinya ta ɗauki kula zuwa ƙofar lakwal ko tasha. Dala biyar, dala goma. Daga wannan ciniki aka sayi littattafai da sabulu da magani a gidajen da ba su da iyaka, ko da yake babu rajistar da ta ƙidaya shi. A 2019 Braniger ta ba da sanarwar dakatar da aiki saboda asara, alhali masu ƙulla zoɓo ba su fasa ba ko wuni ɗaya.

Sai dai sana'ar rataye take da wayar lantarki. Watan azumi yana zagayo yanayin shekara cikin kimanin shekara 33. Ya faɗo tsakiyar bazara a ƙarshen shekarun 1980, ya sake faɗowa daga 2019 zuwa 2023. A karo na farko yawancin gidaje da ruwan randa suka sha ruwa. A karo na biyu dutsen ƙanƙara ya zama abin layi da la'asar, farashinsa na hawa da ɗaukewar wuta. Yankin Tawa na cikin masu samun wutar da ake sayowa daga Nijeriya, ko da yake an buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Nijeriya ta katse wutar, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. A waɗannan watanni iyakar da ƙishirwa ta gyara a 1906 ta sake shiga maganar ruwan sanyi, randar da aka jingine a bayan ɗaki kuma ta samu mai wanke ta.

Zaƙin yana da kuɗin da ba a biya a kanti. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 yana ɗauke da sukari giram 35, kusan ƙwaya shida. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce kada sukarin ƙari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin mutum a wuni, wato kimanin giram 50 ga baligi. Ledar zoɓo ba ta kuɓuta daga wannan zargi ba, domin mai saye zaƙi yake nema, mai sayarwa kuma ba ta auna cokali. Ga batun ruwan da aka yi haɗin da shi: daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta duka, kuma jihar Tawa na cikin waɗanda annobar kwalara ta 2021 ta shafa. Ledar kanta, bayan an tsotse, a kan ƙaya take ƙarewa ko a tumbin akuya, duk da dokar 5 ga Nuwamba 2014 da ta hana yi da shigo da irin wannan leda marar kauri.

A ƴan shekarun nan, a gidajen ma'aikata da wuraren walima, an fara ganin wani haɗi da ke sada tsohon jiƙo da kumfar masana'anta. Ana tafasa zoɓo ko a jiƙa tsamiya da ruwa kaɗan, ya yi kauri ƙwarai, a sa citta da kanumfari, a tace sau biyu da tsabtataccen ƙyalle, domin ɗan tsaki ko gari a cikin ruwan yana ba iska wurin tashi, kumfar ta ƙare da wuri. A sa sukari gwargwado, a matse lemun tsami bayan ya huce, a sanyaya sosai. Sai an zo sha ake buɗe ruwan soda, shi ma mai sanyi ƙwarai, tunda ruwa mai sanyi ya fi riƙe iskar kabon, a zuba kashi ɗaya na jiƙo da kashi uku na soda, a hankali ta gefen kofi, ba tare da motsawa da ƙarfi ba. Wata hanyar da littattafan girkin Turai ke koyarwa, ta sa yis da sukari a toshe kwalba kwana biyu, ita ce dai tsohuwar tsimawa: tana ba da kumfa, tana kuma barin ɗan abin maye, kwalbar ma tana iya fashewa a zafin Mayu. Wannan ce matan Adar ke kaucewa, bisa ƙa'idar da kakanninsu suka bi. Abin da ya rage na jiƙon, idan babu tabbacin wuta da dare, ana raba wa maƙwabta kafin sallar isha'i.